Jar Fitila a Shagon Mama

Asabar, 1 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wannan littafin na darasin kimiyya ne na bara. Rabinsa bai cika ba, kuma na san ba wanda zai buɗe littafin kimiyya don nishaɗi, shi ya sa na zaɓe shi.

Yau aka kafa allon sutudiyon Yaya. Mu biyu ne wurin Mama, ita ce babba, ni ce auta. Shekara huɗu ta yi tana aiki a kantin magani, sai a farkon shekarar nan ta ajiye, ta ce ita waƙa za ta yi, kuma ba za ta riƙa bin sutudiyon mutane tana jiran layi ba, nata za ta buɗe. Ɗakin da ke manne da shagon ɗinkin Mama ta kama. Da can ma'ajiyar wani mai sayar da fenti ce, har yanzu in rana ta yi zafi ana jin warin. Ni da ita muka manna soso a bango, muka rataya tsofaffin barguna biyu a ƙofa. An killace wani lungu da katako da gilashi, nan ake shiga a tsaya gaban makirfo. Mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma in ba mai jiki ba ne.

Matsalar ita ce bango ɗaya ya raba ɗakin da keken Mama, kuma makirfon nan ko sauro ya wuce sai ya ji. Sai Injiniya ya yi dabara. Injiniya shi ne mai haɗa sauti. Dattijo ne, ya daɗe yana aiki a gidan rediyo kafin ya yi ritaya, yanzu shi da Yaya suke wannan aikin. Ya zura waya ta wani rami a bango, ya saƙala jan ƙwan fitila a saman keken Mama. In za a ɗauki murya sai ya kunna, Mama ta ɗage ƙafa daga keke har sai fitilar ta mutu.

Mama ta ce, "Wato ni da shagona, sai an ba ni hannu kamar mota a mararraba?"

Injiniya ya ce, "Hajiya, ai ke ce babbar ma'aikaciyarmu. Shirunki muke sayarwa."

Ta ce, "To a riƙa tunawa da ni ranar albashi."

Duk da tsokanar, tun da aka gwada fitilar ba ta taɓa saɓawa ba. Ko tana tsakiyar wuyan riga ne, da ta ga ja sai ta tsaya.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi wani abu yau da ban taɓa yi ba.

Muryar Yaya ta dushe tun makon da muka yi aikin bango. Ta ce ƙura ce. Injiniya kuwa yana son ya fara ɗora kiɗa a kan waƙarta ta farko, waƙar taga, kuma ya ce ba ya iya gini a kan iska, sai da muryar gwaji. Ya yi mini bayani: wani ne zai rera waƙar ko yaya, don mai kiɗa ya san inda zai shiga da inda zai tsaya. In mai waƙar ta zo ta rera ta gaske, sai a cire ta gwajin a yar.

Na shigo daga makaranta ko jaka ban sauke ba, Yaya ta ce, "Auta, shiga ki yi mana. Ai kin haddace ta, kullum ina jin ki wurin wanke-wanke."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba wanda zai ji, gogewa za a yi. Na ce to su juya baya. Injiniya ya juya kujerarsa yana cewa shekara talatin yana aikin nan, yau ne aka fara sa shi ɗaukar murya da ƙeya. Ni ma na juya na kalli bango. Na sa abin kunne, ya yi mini yawa, sai da na riƙe shi da hannu ɗaya. Na ji keken Mama ya tsaya.

Sau ɗaya na rera. Dab da baiti na biyu kujerar Injiniya ta yi ƙara kamar ɗan akuya, wata 'yar dariya ta kuɓuce mini, na haɗiye ta na ci gaba. Na cire abin kunne na fito. Can Yaya ta ce, "Ya yi. Je ki cire kayan makaranta."

Na tuna musu a goge.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau Yaya ta rera ta gaske. Sau goma sha huɗu. Ina zaune a kan benci ina aikin gida na tarihi, ina ƙirgawa ba da niyya ba. Farkon waƙar yana zuwa daidai, amma in ta kai inda ake cewa, "Bar mini taga a buɗe, ko ba ka dawo ba iska ta shigo," sai muryar ta tsage a sama. Ta sha ruwan ɗumi ta koma. Ta tsage. Ta sake komawa.

Fitila ta yi ta kamawa tana mutuwa. Hannun riga ɗaya kacal Mama ta ɗinka duk yammacin, kuma ba ta yi ƙorafi ba.

Daga ƙarshe Yaya ta ce ta goma sha ɗaya ta yi, a haɗa da ita. Injiniya ya ce to. Shi mutum ne da ba ya goge komai. Kwamfutarsa cike take da abubuwa masu suna "ƙarshe", "ƙarshe na biyu", "ƙarshen ƙarshe". Ya ce a gidan rediyo ya koyi haka, wanda ya goge abu shi ake nema ranar da aka buƙace shi.

Ya zuba a filashi. Gobe Yaya za ta kai gidan rediyo da kanta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Gobe da ƙarfe huɗu za a sa waƙar Yaya. Na goge mata takalmi, ko da yake ba a ganin takalmi a rediyo.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An sa.

A shagon Mama muka taru mu huɗu, rediyo a kan teburin yanka. Mai gabatar da shiri ya faɗi sunan Yaya, ya faɗi sunan sutudiyo har sau biyu. Kiɗa ya fara, ya fi yadda na sani daɗi. Sai murya ta shigo.

Ba ta goma sha ɗaya ba ce. Ba ko ɗaya daga cikin goma sha huɗun ba ce. Ta gwajin ce, ta ranar Litinin.

Na ce a raina wataƙila kunnena ne. Sai aka zo dab da baiti na biyu, 'yar dariyar nan ta fito, ƙarama, kowa ya ji ta.

Injiniya ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. Yaya ta kafa wa kalandar bango ido. Mama tana zura zare a allura, allurar da ta riga ta zura.

Kafin waƙar ta ƙare mai shagon gyaran waya na kusa da mu ya faɗo yana tafi. Ya ce wa Yaya, "Ashe haka muryarki take, kike zaune kina sayar da maganin tari? Wallahi kin cuce mu shekara huɗu!"

Yaya ta ce, "Na gode."

Ni na sunkuya ina tattara ƙyallayen da suka zuba a ƙarƙashin tebur.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Lafiya lau muke. Mun yi gwajin lissafi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Waƙar ta iso makaranta. Ƙawata da muke kira Jarida, don ba labarin da ke kwana a bakinta, ita ta shigo da ita aji. Lokacin hutun tara ta hau kan tebur tana rerawa, har da 'yar dariyar take kwaikwayo. Ta ce wurin nan ne ya fi kashe ta a duk waƙar, wai da gani yayata ta san aikinta.

Ta ce da ni, "Ke kuma ina aka kai rabonki? Gida ɗaya, uwa ɗaya, amma ko sunanki aka kira sai malam ya maimaita kafin a ji amsarki."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Ba ƙarya ta faɗa ba.

A hanyar dawowa na ji ta a shagon aski, na ji ta a wata mota da ta tsaya sauke fasinja. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri, kamar wani zai gane ni a tafiya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mutane sun fara zuwa sutudiyo. Shugabar wata makarantar yara tana son a ɗauki taken makarantarsu. Wani mai sayar da katifu yana son talla. Wasu samari biyu sun zo da waƙa a rubuce a bayan takardar jarrabawa. Yaya tana karɓar kowa da fara'a, ta rubuta rana da lokaci, ta gyara wa samarin baitocinsu har suka tafi suna ce mata malama. Ta iya wannan sosai. Ban san ta iya shi haka ba.

Da suka watse ina shara a baranda, na ji su ta ƙofa.

Injiniya yana cewa, "Guda biyu na zuba miki, don ki ji bambanci."

Yaya ta ce, "Duk sunansu ƙarshe. Ta ina zan san wacce ce wacce?"

Ya ce, "Ba ki saurara ba kafin ki miƙa?"

Daidai nan keken Mama ya tashi, ban ji amsar ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ya tsaya, amma lokacin sun koma maganar waya da soket.

Jiya Yaya ta je asibiti. Ta dawo da wata takarda, ta ninke ta huɗu ta sa a aljihun jaka na ciki. Yanzu ba ta magana sai ta kama dole. A gida nuni take yi da hannu.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Muna shanya a bayan gida ni da ita.

Ta ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ta daɗe tana matse zanin gado ɗaya da ba sauran ruwa a jikinsa. Sannan ta ce, "Ba komai. Kama mini can gefen."

Na kama. Muka shanya shi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Wata mata daga kamfanin sabulu ta kira. Sun ji waƙar taga, muryar suke so a tallarsu. Ba talla ɗaya ba, aikin shekara guda ne, duk wata sabo. Ranar Asabar matar za ta zo da kanta ta ga yadda za a ɗauki na farko. Ta aiko da fom. Na gan shi a kan tebur, akwai layin da aka rubuta "Sunan mai murya". Yaya ta cika ko'ina ta bar nan.

Injiniya ya ce waƙa ɗaya ba ta riƙe sutudiyo, ko ta kai ina. Ya ce ya ga ɗakuna da yawa irin wannan sun buɗe da kiɗa sun rufe da kwaɗo kafin shekara. Irin wannan aikin ne kawai ke barin ƙofa a buɗe.

Na san matar ba za ta ji muryar da take nema ba in Yaya ta shiga lungun nan. Kowa a ɗakin ya sani.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Injiniya ya kawo shawara. A ɗauki muryata ranar Juma'a lokacin da ba kowa. Ranar Asabar Yaya ta shiga bayan gilashi ta sa abin kunne tana motsa baki, shi kuma ya saki abin da aka ɗauka ta lasifika.

Ya ce, "Ana yi. Mun sha yi. In maƙogwaronki ya warke sai ki karɓi abinki, wa ya sani?"

Yaya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dubi ƙasa ta ce da ni, "Za ki iya?"

Na ce to.

Zan rubuta dalilina don kada daga baya in ce tilasta mini aka yi. Ina aji ɗaya na sakandare wani malami ya tsayar da ni gaban aji ya ce in yi ta maimaita sunana har sai na baya sun ji. Na kasa, na yi kuka. Washegari Yaya ta bar kanti ta zo har ofishin shugaba da rigar aikinta. Ban san abin da ta faɗa ba, amma bai sake ba. Kuma na ga ranar da ta ɗauko soson bangon nan a ka tun daga tasha, mutane suna kallonta. Layi huɗu ne kawai tallar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na haddace. Kumfa, fari, ƙamshi. Ba wuya. Abinci ne dai ya ƙi shiga.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Zan rubuta a jere yadda ya faru.

Ƙarfe huɗu na shiga lungun. Na kalli bango. Injiniya ya ce, "Shiru," ya danna makunnin fitila. Na ja numfashi ina jiran keken Mama ya tsaya.

Bai tsaya ba.

Ya kashe ya sake kunnawa. Keke yana ta tafiya, har a cikin abin kunne ina jin sa. Sau uku. Injiniya ya ce ƙwan ne ya ƙone, ya ɗauki sabo ya zagaya. Bai daɗe ba ya dawo da ƙwan a hannu, ya zauna, ya ce wa Yaya, "Je ki da kanki."

Ta tafi. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Fitilar tana nan jajawur a saman kan Mama, ita kuwa tana ɗinka gefen labule.

Yaya ta ce, "Mama, fitila."

Mama ta ce, "Ina gani. Lafiyarta ƙalau."

"To muna ɗauka ne."

"Wa kuke ɗauka?"

Yaya ta kalli fitilar. Sai a lokacin Mama ta ɗage ƙafa. Ta ce, "Ranar Litinin ɗin can da na tsayar da keke, na san wadda na yi wa shiru. Ni na haife ku. Tun kuna kuka nake bambance muryoyinku ta bayan bango. Da aka sa a rediyo na ce kuskure ne, yarinyata za ta gyara, na zuba ido. Na yau kuma ba kuskure ba ne. Ba zan ba da shiruna a yi wannan da shi ba."

Yaya ta ce, da muryar nan tata da ba ta fita sosai, "Mama, in na faɗa, shi ke nan sutudiyon."

"Wa ya rubuta waƙar?"

"Ni."

"Wa ya kafa ɗakin? Wa ya zauna da samarin nan biyu yana gyara musu baiti har na gaji da tsayawa?"

"Ni."

"To me kika rasa da sai kin ara wurin ƙanwarki? Ita ma kin tambaye ta?"

Na ce daga bakin ƙofa, "Ta tambaye ni, Mama. Na yarda."

Mama ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke ai ko kunnenki ɗaya aka ce ki bayar, to za ki ce, har ki tambaya na dama ko na hagu."

Injiniya ya yi tari a bayana. Ina jin dariya ce ya mayar tari.

Yaya ta tsaya kaɗan, sannan ta zagaya sutudiyo ta kashe fitilar da hannunta. Ba a ɗauki komai ba yau. Mama ta gama labulen.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yaya ta shigo ɗakina ina gyara gado, ta zauna a gefe. Ta ce likita ya ce ta huta da waƙa na watanni, kuma bai yi alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba. Ba ta faɗi sunan ciwon ba. Takardar tana jaka.

Ta ce, "Ranar da na kai filashin nan…" Sai ta tsaya. Na jira. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ga ba na son in sani kamar yadda na zata.

Ta ce, "Zan gaya wa matar. In na faɗa, wataƙila ta ce ki rera a gabanta. Ba tambayarki nake ko za ki iya ba, na san kin iya. Kina so?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ninke bargo, na warware, na sake ninkewa. Na tuna ranar Litinin ɗin, kafin kujera ta yi ƙara, yadda na manta akwai mutane a bayana.

Na ce, "Ina so. In za a bar ni in kalli bango."

Ta ce, "Bangon naki ne, ke kika manna shi."

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Matar ta zo ƙarfe biyu, da jaka da wayoyi biyu. Kafin ta gama zama Yaya ta faɗa mata. A taƙaice ta faɗa: muryar da ke waƙar taga ba tata ba ce, ta ƙanwarta ce, ga ta nan, kuma laifinta ne da ta bar sunanta a kai har kwana goma sha uku.

Matar ta dube ni, ta dubi Yaya. Ta ce, "To da wa nake magana duk kwanakin nan?"

Yaya ta ce, "Da mai sutudiyo."

Matar ba ta yi murmushi ba. Ta ce ita ta riga ta kai wa manyanta suna, yanzu sai ta koma ta ce ba haka ba ne. Ta tambayi ajina, na faɗa, sai da ta ce in maimaita. Ta ce ɗaliba ba ta sa hannu a takarda, kuma yau ba za ta saurari komai ba. Ta ɗauki fom ɗinta ta tafi. Ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba.

Injiniya ya ce, "To. Ko ƙamshin sabulun ba mu ji ba." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Can ya ce wa Yaya shawarar ranar Laraba tasa ce, kuma bai kyauta ba. Ta ce ai ita ce ta saurare shi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya Yaya ta je gidan rediyo. Kafin a sa waƙar mai gabatarwa ya ce akwai gyara: rubutu da tsari na mai sutudiyo ne, murya ta ƙanwarta ce. Bai fi numfashi biyu ba ya wuce.

Mai katifu ya kira ya ce ya fasa. Bai faɗi dalili ba. Samarin nan biyu sun zo a kan lokacinsu.

A makaranta Jarida ta tare ni a bakin aji, hannu a ƙugu. Ta ce, "Ke! Ina kan tebur ina kwaikwayon dariyarki, kina zaune kina kallona? Ni da ake kira Jarida, labari yana benci ɗaya da ni mako biyu ban sani ba? Kin kashe mini sana'a."

Ta ce in rera musu. Na ce a'a. Ta juya ta ce wa sauran, "Kun ji, ta ce a'a. Duk mai so ya kunna rediyo." Ta zauna kusa da ni har aka tashi, ba ta bar kowa ya matso ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a kira ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a kira ba. Yaya ta ɗauki taken makarantar yara, su goma sha biyu, uku-uku take shigar da su. Da tafi da nuni ta koya musu inda za su ja numfashi. Injiniya ya ce bai taɓa ganin mai ba da umarni ba baki ba, kuma ana bi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Matar ta kira. Ba aikin shekara ba ne. Talla ɗaya za a gwada, in ta yi sai a sake magana. Ba ta yi alkawarin komai ba.

An aiko da sabon fom. A layin mai tsarawa Yaya ta sa sunanta. A layin mai murya ta miƙo mini biro. Na rubuta a hankali, kamar a takardar jarrabawa. Mama ce ta sa hannu a ƙasa, bayan ta sa an ƙara sharuɗɗanta da biro: ranar Asabar kawai, ba hoto, kuma makon jarrabawa ko kamfanin jirgin sama ne ya zo ya jira.

Injiniya ya buɗe sabon wuri a kwamfuta zai sa masa suna. Yaya ta tsaya a kansa har sai da ya rubuta kwanan wata da sunan wadda za ta rera. Ya ce an ci zarafin shekara talatin.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Matar ta zo, ta zauna a benci. Yau ta sha ruwan.

Yaya ta ja kujera kusa da Injiniya. Kafin in shiga ta gyara mini abin kunne, ta naɗe wani ƙyalle a samansa don kada ya zame. Ta ce a hankali, "Kada ki haɗiye ƙarshen kalma, kina yin haka in kin ji kunya. In kin yi kuskure ki ci gaba, ni zan tsayar da ke." Na ce to. Ta ce, "To na gaske, ko irin na ba da kunne da Mama ta faɗa?" Na ce na gaske.

Na shiga na kalli bango. Akwai wurin da soson ya karkace, ni na manna shi haka ranar farko. Ban ce kowa ya juya baya ba. Ta bayan bango ina jin keken Mama yana gudu, tana sauri ta gama wata riga kafin mai ita ta zo.

A cikin abin kunne na ji Yaya ta ce, "Muryar Auta, ɗauka ta farko." Na ji ƙarar makunni.

Keken ya tsaya.